Me Ya Sa Fetur Ya Fi Tsada A Arewa?

Wata ɗalibata ta tambaye ni, ƙaƙa kawunta na Ikko yake sayen fetur da araha fiye da babanta? To, ga amsa.

Ran 29 ga Mayu, 2023, Shugaba Tinubu ya janye tallafin mai. Ba a yi mako ba lita ta koma naira 488 a Ikko, 537 a Abuja, 557 a Maiduguri. 'Yan makaranta ku yi lissafi, tsakanin Ikko da Maiduguri naira 69 ke nan.

Dalili kuwa nisa ne. Daga bakin teku tankoki suke ɗauko mai, su yi kwanaki a hanya. A 1975 gwamnati ta kafa asusun biyan kuɗin dako, don farashi ya zo ɗaya ko'ina. Da aka daina biya, sai dakon ya hau kan mai saye.

Saboda haka uwargida, in kuɗin niƙa da na mota sun cinye cefane, kada ki huce kan maigida. Ku zauna ku yi lissafi tare. Ku haɗa kai da maƙwabta, mace ɗaya ta yiwo muku kasuwa. Allah Ya kawo sauƙi, amin.