Bizar Aure ta Amurka ga Mazauna Ƙetare

Ba'amurken da ke zaune a ƙetare yana fara nema wa matarsa bizar zama ne da fom I-130 a hukumar shige da fice ta USCIS. In an amince, takardu su wuce cibiyar biza ta NVC, sai gwajin lafiya da ganawa a ofishin jakadanci.

Inda aka fi tuntuɓe shi ne fom I-864 na ɗaukar nauyi. Kuɗin shigar mijin sai sun kai kashi 125 cikin 100 na ma'aunin talaucin Amurka, kuma albashin da zai yanke in ya koma gida ba ya cikin lissafi. Shi ya sa da yawa kan nemi mai tsaya musu. Dole kuma mijin ya nuna shirin komawa Amurka da zama.

In auren bai cika shekara 2 ba, katin zama na shekara 2 ake ba matar.