Zanzibar: Mai Ɗaki Shi Ya San Inda Yake Masa Yoyo

A Nungwi, can ƙurewar arewacin tsibirin Unguja, 'yar gajeriyar tafiya ce a ƙafa tsakanin wurin ninkayar otal da layin jarkoki. Ta ɓangaren teku, farin rairayi ne da ruwa shuɗi garau, ga ma'aikaci yana kai wa baƙo ruwan kwakwa har kan kujera. Ta bayan katanga kuwa ƙauyen masunta ne da masassaƙan jiragen ruwa, inda mata da yara kan jera jarkoki suna jiran famfo ya kawo, in bai kawo ba a saya a hannun mai tanka. Hoton farko shi ne wanda angwaye da amare daga Abuja da Kano ke ɗorawa a Instagram in sun je cin amarci. Na biyun sai wanda ya zauna ya san shi.

Zanzibar yanki ne na Tanzaniya mai gwamnatinsa da shugabansa, tun haɗewar da aka yi da Tanganyika a 1964. Manyan tsibiranta biyu ne, Unguja da Pemba, kuma ƙidayar 2022 ta nuna mutanenta sun kusa miliyan 1.9, mafi yawansu Musulmi. A da kanumfari ne arzikinta. Yanzu baƙi ne: a 2024 sama da masu yawon buɗe ido 700,000 suka sauka, galibinsu daga Turai, Italiyawa da Jamusawa da Faransawa a sahun gaba. Mafi yawan kuɗin ƙasashen waje da ke shiga tsibiran ta wannan hanya yake shigowa.

Baƙo shi ke zaɓar watan da zai zo. Ko dai tsakanin Yuni da Oktoba, lokacin da iskar kudu da suke kira kusi ke kaɗawa gari ya yi sanyi-sanyi, ko kuma Disamba zuwa Fabrairu, sa'ad da hunturu ya rufe Turai. Ɗan gari ba shi da wannan zaɓi. Shi ke nan a watan Fabrairu da farkon Maris, lokacin da zafi ke haura digiri 30 kuma iska ta cika da laima, gumi ya ƙi bushewa a jiki, dare ya yi ɗaki mai rufin kwano bai huce ba. Shi ke nan kuma in masika ta sauka, wato babbar daminar Maris zuwa Mayu, wadda wasu otal-otal ke rufewa saboda ita, su sallami ma'aikatan wucin gadi. A lokacin ne ruwa ke kwanciya a unguwannin Ng'ambo da ke bayan tsohon garin Zanzibar, tufafi su yi fumfuna a cikin akwati, hanyoyin ƙauye su caɓe. Gishirin da ke cikin iskar teku kuwa ba ya hutu duk shekara: yana cin kwanon rufi, da ƙarfen taga, da babur, da firji. Abin da zai shekara goma nesa da gaɓa, a bakin teku ba ya kaiwa.

Amma babbar magana ita ce ruwan sha, kuma sai an duba ƙarƙashin ƙasa za a gane ta.

Unguja ba ta da wani babban kogi. Abin da mutane ke sha ruwan sama ne da ya nutse ƙasa, ake samunsa ta rijiyoyi, da kogunan dutse, da maɓuɓɓugai irin na Mtoni da Bububu da suka daɗe suna shayar da birni. Yammacin tsibirin ya fi samun ruwan sama kuma ƙasarsa mai zurfi ce. Gabas da arewa, inda rairayi ya fi kyau kuma otal-otal suka fi yawa, dutsen murjani ne mai huji-huji kamar soso. Ruwan sama na ratsa shi da sauri, ruwan teku ma haka. Da yake ruwan daɗi bai kai na gishiri nauyi ba, sai ya kwanta a samansa, yana yawo a cikin dutsen. Masana ruwan ƙarƙashin ƙasa suna da wani lissafi da aka sani sama da shekara 100: duk mita 1 da ruwan daɗi ya ɗara matakin teku, akwai kimanin mita 40 nasa a ƙasa. Lissafin yana aiki ta ɗaya fuskar ma. In injin burtsatse ya ja har ruwan ya sauka da mita 1, na gishiri na iya tasowa da kimanin mita 40. Rijiyar da gishiri ya shiga kuma ba ta komawa daidai da damina guda.

Wannan shi ne tulun da otal da ƙauye ke sha tare, sai dai moɗarsu ba ɗaya ba ce. Wani masani mai suna Stefan Gössling ya auna amfani da ruwa a gabashin Unguja, ya wallafa sakamakon a 2001: baƙo guda, a matsakaici, na cin kimanin lita 685 a rana, ɗan ƙauye kuwa kimanin lita 48. Ba wai baƙon ke shanye wannan ruwa ba. Bayin lambun furanni ne, da cika wurin ninkaya, da wankin zannuwan gado da tawul kullum, da wanka sau biyu ko uku bayan an fito daga teku. A 2012 ƙungiyar Tourism Concern ta Birtaniya ta sake dubawa a Nungwi da Kiwengwa da Jambiani, ta tarar tazarar na nan, har wasu otal-otal sun sa masu gadi a kan bututunsu don kada mutanen gari su fasa. Tun daga lokacin yawan baƙi ya ninka, ruwan saman da ke sauka kuwa bai ƙaru don an gina ƙarin ɗakuna ba.

Otal mai ƙarfi yana da mafita: ya haƙa burtsatse mai zurfi can cikin tsibiri ya ja bututu, ko ya sayi tanka, ko ya kafa na'urar cire gishiri daga ruwan teku. Iyalin da ke Jambiani ko Matemwe kuwa hukumar ruwa ta ZAWA suke jira. In rijiyar unguwa ta yi zartsi, mace ce ke ƙara tafiya, yarinya ce ke makara a makaranta. Wannan ba adalci ba ne, kuma ba ƙaddara ba ce da ta sauko daga sama; sakamako ne na yadda aka bar kowa ya haƙa ya ja iya ƙarfin injinsa.

Wutar lantarki ma labarinta na da alaƙa da ruwan. Unguja ba ta samar da isasshiyar wutar kanta. Ta wata waya da aka shimfiɗa a ƙarƙashin teku take samu daga babban yankin Tanzaniya, ta fito a Fumba. A ranar 10 ga Disamba, 2009 tsohon layin ya lalace, tsibirin ya kwana cikin duhu kusan wata uku, har cikin Maris na 2010. Manyan otal-otal suka tayar da janareta. A cikin gari kuwa injinan tura ruwa suka tsaya, kuɗin jarka ya yi tashin gwauron zabi, masu sayar da kifi suka rasa ƙanƙara, ƙananan masu sana'a suka rufe. An shimfiɗa sabuwar waya mai ɗaukar megawat 100 a 2013 da tallafin Amurka, amma buƙata ta ci gaba da hauhawa, kuma ɗauke wuta bai zama tarihi ba.

A kasuwar Darajani ake ganin sauran lissafin. Shinkafar da ake ci da yawanta daga waje take zuwa, kayan miya da dankali da nama kuma da dama sai an ɗauko su a jirgin ruwa daga Dar es Salaam ko Tanga, kuma kuɗin dako yana kan mai saye. Manyan kifaye, da jatan lande, da pweza, halittar nan mai hannu takwas da matan bakin teku ke farauta in ruwa ya janye, dillalan otal ke tare su tun a bakin jirgi da farashin da magidanci ba zai iya ba. Masunci ya samu kuɗi, wannan gaskiya ne. Amma maƙwabcinsa malamin makaranta, wanda albashinsa bai motsa ba, ya koma ga dagaa, 'yan ƙananan kifin nan da ake busarwa.

To, aikin otal fa? Akwai shi, kuma ya rufa wa dubban gidaje asiri. Sai dai a 2023 mafi ƙarancin albashi a kamfanoni masu zaman kansu shilin 347,000 aka ƙayyade a wata, abin da bai kai dala 150 ba, alhali kwana ɗaya a manyan otal-otal na Nungwi ko Kendwa na iya fin haka nesa ba kusa ba. Manyan muƙamai sau da yawa na baƙi ne, na tsakiya kuma 'yan babban yankin Tanzaniya da Kenya sun fi samu, saboda Turanci da takardar horo. Akwai kuma iyayen da ba sa son 'yarsu ta yi aiki inda ake zuba giya ko ake hana ɗaura kallabi. Wani abin da ke rage amfanin shi ne tsarin biyan komai a dunƙule: baƙo ya biya kuɗin jirgi da ɗaki da abinci tun yana Milan, ya sauka filin jirgin Abeid Amani Karume, mota ta kai shi cikin katanga, ya yi mako bai sayi ko kofin shayi a hannun ɗan gari ba. Binciken gidaje na 2019/20 ya nuna kimanin mutum ɗaya cikin huɗu na Zanzibar na cikin talauci, kuma abin ya fi tsanani a Pemba, inda baƙi ba su cika zuwa ba.

A Paje da Jambiani, in teku ya janye, yakan bar fili mai nisan gaske, sau biyu a yini. Nan mata ke shiga da turaku da igiyoyi suna noman ciyawar teku da ake kira mwani, wadda aka fara nomawa don sayarwa a 1989. Sama da mutum 20,000 ke wannan sana'a, mafi yawansu mata, kuma da ita da yawa suka fara riƙe kuɗin kansu. Ana fitar da ita waje a tatsi wani sinadari mai kauri da ake sawa a man goge baki da askirim. Matsalar ita ce ruwan da ba shi da zurfi ya ɗumama. Nau'in da ya fi tsada, cottonii, ba ya jure zafi: sai ya yi fari ya ruɓe ya karye. Matan suka koma ga spinosum mai arha, wanda kilo guda busasshe bai kai rabin dala ba. Dakta Flower Msuya, masaniyar da ta shafe shekaru tana aiki da su, ta daɗe tana nuna cewa mafita ita ce a matsa zuwa ruwa mai zurfi da sanyi, a kuma riƙa sarrafa ciyawar a gida zuwa sabulu da man shafawa. Amma ruwa mai zurfi na buƙatar kwalekwale da iya iyo, kuma yawancin matan ba a koya musu ba. Ɗumin da ke sa baƙo ya ji daɗin wanka shi ke kashe musu gona.

Tafiya ma iri biyu ce: ta baƙo daban, ta ɗan gari daban. A daren 9 zuwa 10 ga Satumba, 2011 jirgin Spice Islander I ya tashi daga Unguja zuwa Pemba maƙare da mutane da kaya fiye da ƙima, ya nutse a kusa da Nungwi, ɗaruruwa suka rasu, kusan dukansu 'yan gari. A Yulin 2012 wani jirgin, Skagit, shi ma ya kife. An tsaurara doka daga baya, amma har yau mutumin Pemba da rashin lafiya ta yi wa tsanani sai ya tsallaka teku zuwa Unguja, wani lokaci har Dar es Salaam.

Akwai kuma abin da ba a auna shi da lita ko shilin. Ƙauyen da yaransa ke tafiya makarantar allo da safe shi ne wanda baƙi ke ratsawa da kayan wanka. A 2021 gwamnati ta sanar da tara ga baƙon da ya shiga gari ba sutura ta mutunci, da kamfanin da ya kawo shi. Dattawa na kokawa da samarin da ke barin aji su koma bin baƙi a bakin teku, domin abin da yaro zai samu a yini guda na iya fin na mahaifinsa a mako.

Wasu baƙin kan zo hutu, wurin ya shiga ransu, su dawo da zama. Tun 2021 wanda ya sayi gida na dala 100,000 a ayyukan da gwamnati ta amince da su, irin na Fumba Town, yana iya samun izinin zama. Ƙasa dai ta gwamnati ce, haya ake ba baƙo har zuwa shekara 99. Su ma sukan gane bambancin da zarar sun fara sayen ruwan tanka da canza famfon da tsatsa ta ci. Zuwansu kuma ya ɗaga kuɗin fili da haya, har ɗan wanda ya sayar da gonar kwakwarsa a bakin teku ba ya iya sayen fuloti a garin da aka haife shi.

Ba wanda ke cewa a kori baƙi. Da annobar korona ta rage su da kusan rabi a 2020, direbobi da masunta da masu dafa abinci a Forodhani sun ji a jikinsu. An samu tituna da sabon ginin filin jirgi, kuma tsohon gari, da UNESCO ta sa cikin kayan tarihin duniya a 2000, yana samun gyara. Gwamnatin da ta iya wajabta wa kowane baƙo inshorar dala 44 tun daga Oktoban 2024, za ta iya sa mita a kan kowane burtsatse na otal, ta ƙayyade abin da za a ja, ta kuma hana lasisi ga sabon babban otal sai ya tace ruwan teku da kansa ya kuma gyara ruwan da ya ɓata. Mai karatu da ke shirin zuwa kuwa, ya tambayi otal ɗin daga ina ruwansa ke fitowa kafin ya biya, ya ɗauki ɗan rakiya ɗan gari, ya ci abinci a wajen katanga, ya kuma shiga ƙauye da suturar da zai so baƙo ya shigo unguwarsu da ita.