3.4 Marabai da Ninkin Tarayya a Lissafin Rabon Gado

Abin da ake nufi da marabin lamba shi ne duk lambar da za ta raba ta ba tare da saura ba. Misali, maraban 6 su ne 1, 2, 3 da 6, maraban 8 kuwa 1, 2, 4 da 8. Shi kuwa ninki, abin da ake samu ne idan aka riɓanya lamba, wato 6, 12, 18, 24 dangane da 6, sannan 8, 16, 24 dangane da 8. Idan aka lura za a ga cewa 24 ita ce lamba ta farko da jerin biyu suka haɗu a kanta. Wannan ita ake kira ƙaramin ninkin tarayya.

Malaman zaure a ƙasar Hausa sun daɗe suna aiki da wannan ƙa'ida a fannin mirasi, sai dai su “asalin mas'ala” suke ce mata. Kason da shari'a ta yanka guda shida ne: rabi, rubu'i, tumuni, sulusi biyu, sulusi da sudusi. Saboda haka asalin ba ya wuce bakwai, wato 2, 3, 4, 6, 8, 12 da 24.

A ɗauka mutum ya rasu ya bar mata ɗaya da mahaifiya da ɗa namiji, da shanu 48. Matar tana da tumuni, mahaifiya sudusi, ɗan kuma ya kwashe saura. Da yake 8 da 6 sun yi tarayya a marabi 2, abin da malamai ke kira tawafuƙi, sai a ɗauki rabin ɗaya a buga da ɗayar, 4 sau 6, a sami 24. Matar ta sami kaso 3, mahaifiya 4, ɗa 17. Kowane kaso shanu biyu ne, ke nan matar na da 6, mahaifiya 8, ɗa 34.

Inda ɗalibai kan yi tuntuɓe shi ne haɗa 8 da 6 su ce 14. Wannan kuskure ne babba, domin 14 ba ta rabuwa da 8 ko 6, kuma haƙƙin mai takaba ne zai salwanta. Wanda ya buga 8 sau 6 ya sami 48 bai zalunci kowa ba, illa dai ya tsawaita wa kansa aiki. Bugun kai tsaye yana dacewa ne inda lambobin ba su da marabin tarayya sai 1, kamar 3 da 8, wanda ake kira tabayuni.