Hong Kong: Garin da Ƙasa Ta Yi Wa Kaɗan

Jama'a, yau bakin teku muka nufa, kudancin ƙasar Sin. Duk wanda aiki ko fatauci ya taɓa kai shi Hong Kong ya san mutum wajen miliyan 7 da rabi ne suka cunkushe a murabba'in kilomita 1,100 da 'yan kai, kuma akasarin wurin tsaunuka ne. Ku gyara zama, amma ban da miƙe ƙafa, babu fili!

A tsibirin Hong Kong akwai matakala mai tafiya da kanta, tsawonta mita 800, an buɗe ta a 1993. Daga ƙarfe 6 zuwa 10 na safe gangarowa take yi da ma'aikata, daga nan sai ta juya ta yi ta hawa da su har tsakar dare. Matakala ma ta san lokacin ofis.

Shiga lif, ka ga yatsa ya riga ka kai wa maɓallin rufe ƙofa tun ƙafarka ta biyu tana waje. Ba ƙiyayya ba ce, sauri ne.

Duk da wannan gaggawa, taragun da ke bin layin dogo a tsakiyar titi tun 1904 suna nan, masu hawa biyu, suna tafiyarsu a natse suna kaɗa ƙararrawa. Ta baya ake shiga, ta gaba ake fita, kuma sai za ka sauka kake biya. Tsoho mai ran ƙarfe!

Ɗaga kai ka ga bene mai hawa 40 an kewaye shi da gora, ɗaure da igiyar roba, magina suna yawo a kai hankali kwance. Gwanaye ne na gaske, a jinjina musu.

A benaye da yawa, daga hawa na 3 sai na 5, daga na 13 sai na 15, domin a harshen garin lamba 4 ta yi kama da kalmar mutuwa a kunne. Ita kuwa 8 ta arziki ce, shi ya sa a 2016 aka sayar da lambar mota 28 a gwanjo kan dalar Hong Kong miliyan 18.1. Lamba kaɗai fa, ban da motar.

Wasu dogayen gidaje na bakin ruwa an bar musu ƙatuwar kafa a tsakiya. Masu al'adar garin sun ce hanya ce ta macijin almara da ke saukowa daga tsauni zuwa teku. Ga tsadar ɗaki, ga ɗaki an bar wa maciji!

Fiye da mutum 80 cikin 100 da ruwan teku suke kora ban-ɗaki, ta bututu na daban, don a tanadi ruwan sha. Wannan dabara kam ta burge ni ƙwarai.

A gidan abinci, kujerar da ba kowa ta kowa ce: za a zaunar da kai teburi ɗaya da baƙon da ba ka taɓa gani ba, ku ci ku tashi ba wanda ya ce uffan. Shayin farko ma wasu ba sha suke yi ba, kofi da tsinken cin abinci suke ɗauraye wa da shi. Kada ka yi saurin kurɓa, duba maƙwabcinka tukuna.

In an zuba maka shayi, ƙwanƙwasa teburi da yatsu biyu ya isa godiya; in buta ta ƙare, ka ɗaga murfinta ka bar shi a karkace, za a zo a cika. Hira ke nan ba da baki ba.

Guguwa tana da lambobin gargaɗi. Da an ɗaga lamba 8, ofisoshi da makarantu da jiragen fito duk sai su tsaya, kowa ya kama hanyar gida. Ita kaɗai ke iya sa wa garin nan birki.

Ranar Lahadi kuma sai tsakiyar birnin ya canja kama. 'Yan aikin gida, sama da 300,000, yawancinsu mata daga Filifin da Indonesiya, doka ta ce su zauna a gidan iyayen gidansu, saboda haka ranar hutu sai su shimfiɗa kwali a gadoji da gindin manyan benaye, su ci abinci tare, su yi wa juna kitso da lalle irin nasu, su kira 'ya'yansu a waya. Wanda ya taɓa zaman baƙunta don neman halali ya san nauyin wannan yini ɗaya. Allah Ya sa su koma gida da abin hannunsu.

Akwai wani tsohon bene mai hawa 17 a yankin Kowloon, Chungking Mansions, inda 'yan kasuwar Afirka da Indiya da Pakistan suka daɗe suna hada-hadar wayoyin hannu. Kai ka ce Kantin Kwari aka ɗauka aka jera shi sama, ga 'yan canji a ƙasa, ga masauki a bisa. A nan kunnenka zai huta da jin sallama.

Matsin fili bai bar mamata ba: a maƙabartun gwamnati shekara 6 ake ba kabari, sannan a tono ƙasusuwan a ba wani wuri. Masu rai kuma suna ƙona wa iyayensu gidaje da motoci da wayoyi na takarda, wai saƙo ne zuwa can. Har da cajar waya ake haɗawa!

Aladen daji kan sauko daga tsauni su yi kiwo a kwandon shara, birai kuma sun mallaki wani tudu a arewacin Kowloon. Riƙe ledarka da kyau.

Mai shirin tafiya, babban masallacin garin yana kan titin Nathan a Kowloon, 'yar tafiya kaɗan daga wancan bene na 'yan kasuwa, kuma gidajen abincin halal suna kewaye da shi. A riƙe lema, a sa takalmi mai daɗin tafiya, kuma in za a tsallaka titi a fara duba dama, don ta hagu suke tuƙi.