Ko Kun Sani? Ɗaure Ido Ba Ya Koyar Da Makanta

Mutum ya ɗaure idonsa da ƙyalle ya hau titi wai don ya ɗanɗana makanta, wannan ganganci ne, ga Adaidaita Sahu ga kwatoci. Binciken Jami'ar Colorado ta Amurka na 2015 ya nuna waɗanda aka rufe wa ido sun ƙara raina iyawar makafi, domin firgicin 'yan mintuna suka sha, ba ƙwarewar shekaru ba. Ga shi kuma yawancin makafi suna bambance haske da duhu.

A Jamus Andreas Heinecke ya kafa wani baje koli inda makafi ke yi wa masu ido jagora cikin ɗakuna masu duhu. A Kano kuwa, gara a nemi izinin ziyartar makarantar masu buƙata ta musamman da ke Tudun Maliki, ɗalibai su nuna yadda ake karatu da ɗigo shida na Braille.