Motar Jan Tirelar Jirgin Ruwa: A Fara Da Sikeli Kafin A Je Kasuwa

Wanda ya sayi jirgin ruwa mai inji, ko hukumar da ta mallaki jirgin ceto don lokacin ambaliya, dole wata rana a ɗora shi a tirela a kai shi bakin ruwa. A nan ne mutane da yawa ke fara tambayar bakanike ƙarfin dokin injin motar da suke so. Tambayar ta zo da wuri. Kusan kowace mota mai lafiya za ta iya motsa kaya mai taya a shimfiɗaɗɗen titi, amma tsayar da shi a gangare, da riƙe shi idan ya fara lilo a baya, da fizgo shi daga ruwa a kan santsi, su ne ke raba motar da ta dace da wadda ba ta dace ba. Duk ukun kuwa nauyi ne ke yanke hukuncinsu.

Nauyin da kamfani ke rubutawa a takardar jirgi yawanci na gangar jikinsa ne kawai, babu mai, kuma sau da yawa babu inji. A ce an rubuta kilo 1,800. Babban injin baya zai ƙara wajen kilo 250, lita 300 ta fetur ta haura kilo 200, batura da anga da igiyoyi da sauran tarkace su ba da kamar 150, ita kanta tirelar ta kai 600. Jirgin da ake wa kallon bai kai tan biyu ba ya zama tan uku. Shi ya sa aikin farko shi ne a loda komai yadda za a yi tafiya, a hau sikelin auna manyan motoci, a karɓi lamba ta gaskiya.

Sai lambar da masu ƙera mota ke tallatawa, wato nauyin da mota za ta iya ja. Toyota Hilux da Ford Ranger da Land Cruiser, a samfuransu masu ƙarfi, an ba su kilo 3,500, amma da sharaɗin tirelar tana da burkinta. Idan babu, iyakar ta faɗo zuwa kilo 750, kuma haka dokar Ingila ta tanada. Ko da burkin, akwai wata lamba da ba a cika ɗagawa a talla ba: jimillar nauyin mota da tirela da duk abin da ke cikinsu. A wasu samfuran Hilux da aka sayar a Ostiraliya jimillar kilo 5,850 ce. Cire 3,500 na tirela, cire kusan 2,100 na motar kanta, abin da ya rage wajen kilo 250 ne. Magidanta uku sun cinye shi, ba a sa jaka ko jarkar ruwa ba. Haka kuma bakin tirela yana danna bayan mota da wani kaso na nauyinsa, ga jirage yawanci kashi 5 zuwa 10 cikin ɗari saboda injin yana can baya, kuma wannan ma a lissafin kayan mota yake shiga. Idan dannin ya yi kaɗan, tirela ta riƙa kaɗa wutsiya. Idan ya yi yawa, gaban mota ya ɗaga, sitiyari ya yi sako-sako.

Wani zai ce ai kamfanoni na rage lambar ne don kare kansu, don haka ɗan wucewa ba komai. Dubi yadda ake samo ta. A Amurka akwai ma'aunin da ake kira SAE J2807, wanda a cikinsa mota ke jan kayan ta haura tudun Davis Dam a jihar Arizona, tafiyar kusan kilomita 18, a zafin da bai gaza digiri 38 ba, da na'urar sanyaya ɗaki a kunne. Gwaji ne mai tsanani, amma da sabuwar mota ake yinsa, da mutum biyu kacal a ciki. Motar da ta shekara goma tana aiki kafin a shigo da ita, lagireto ya toshe rabi, ba a san ranar da aka canza man giya ba, sannan ta bi hanya mai ramuka a zafin Afrilu da ke haura digiri 40, ba ta da rarar da ake zato. Wannan ne ya sa masu jan kaya da yawa ke tsayawa a kashi 80 na iyakar, wato kilo 2,800 ga motar da aka ba 3,500.

Wani kuma zai ce kullum muna ganin a-kori-kura da lodin da ya ninka ƙa'ida, kuma tana isa lafiya. Tana isa ranar da babu saniyar da ta tsallaka titi. Kayan da ke cikin bodi ma daban suke da wanda ke rataye a ƙugiya, domin tirela na iya turo mota gaba idan an taka burki, ta naɗe ta a kwana. Ƙara sifirin, wanda shi ne maganin da aka fi bayarwa a gareji, yana hana baya zama ne kawai. Bai ƙara wa burki ko shasi ko giyabos komai ba. Abin da ke riƙe tirela shi ne nauyin motar da tazarar da ke tsakanin tayoyinta na gaba da na baya. Land Cruiser mai tan biyu da rabi ko fiye ta fi Hilux natsuwa da kaya iri ɗaya, duk da lambarsu a takarda ɗaya ce.

Bakin ruwa shi ne jarrabawar da masu jan sauran tireloli ba su sani ba. Gangaren da ake sauke jirgi jiƙe yake, sau da yawa da gansakuka ko laka, kuma daga tsaye cak za a fara ja zuwa sama. Mota mai ja da tayoyin gaba nan take sarewa, don nauyi ya koma baya, tayoyin sai juyawa a banza. Ga jirgi mai nauyi, mota mai ja da tayoyi huɗu da ƙaramar giya ta musamman ba ado ba ce. Burkin tirelar ma yana shiga ruwa duk sauka, a ruwan gishiri irin na gaɓar Legas tsatsa ba ta jira, don haka a duba shi kafin kowace tafiya.

Ƙorafin kuɗi gaskiya ne: babbar mota tana da tsada, tana shan mai, jirgin kuwa wataƙila sau huɗu za a motsa shi a shekara. To a ɗauki hayar motar da ta isa a waɗannan ranakun. Jirgin da sikeli ya nuna ya kai tan uku da tirelarsa ya fi ƙarfin ƙaramar jif, ya kai Hilux gargara, Land Cruiser ko babbar a-kori-kura irin Ford F-150 yake buƙata.