Awon Furotin Guda Ɗaya da Hasken Fitila

Kowace ƙwayar halitta da ke jikin ɗan Adam tana lulluɓe da wani siririn tantani na maiƙo, wanda kaurinsa kusan nanomita 5 ne. Nanomita kuwa ita ce kashi ɗaya cikin miliyan na milimita. Tun a shekarar 1972 masana biyu, Singer da Nicolson, suka bayyana cewa wannan tantani ba bango ne a sandare ba. Maiƙonsa yana gudana, furotin iri-iri kuma suna yawo a cikinsa, suna haɗuwa suna rabuwa. Da wannan haɗuwa ne ƙwaya take karɓar saƙo, take shigar da abinci, take rabuwa gida biyu. Magunguna da dama ma a kan waɗannan furotin suke aikinsu.

To, ta yaya za a ga furotin guda ɗaya, alhali ya fi tsawon igiyar haske ƙanƙanta nesa ba kusa ba? Dabarar da aka daɗe ana amfani da ita ita ce a liƙa masa wani sinadari mai walƙiya, kamar furotin mai koren haske da aka samo daga wata halittar teku, wanda ya jawo wa masana uku lambar Nobel a 2008. Amma mai karatu ya yi tunanin akuyar da aka rataya wa babbar ƙararrawa: za a ji inda take, sai dai tafiyarta ta sauya. Haka alamar take iya sauya halin furotin, kuma walƙiyarta kan dushe bayan ɗan lokaci.

Sabuwar hanyar da ake kira iSCAT ta kauce wa wannan. Ana haska gilashi da hasken leza. Wani ɓangare na hasken yana dawowa daga fuskar gilashin, wani ɗan kaɗan kuma furotin ne yake watso shi. Idan igiyoyin biyu suka gamu, sai su yi kamar tozon ruwa biyu da suka haɗu a tafki, su bar ɗigo da kyamara za ta iya kamawa. A 2018 Philipp Kukura da abokan aikinsa a Jami'ar Oxford ta Ingila suka nuna cewa ƙarfin wannan ɗigo yana tafiya daidai da nauyin furotin. Ke nan haske ya zama ma'auni.

A 2021 aka kai dabarar kan tantanin maiƙo da aka shimfiɗa bisa gilashi. Ƙungiyar Oxford ta bi sawun dynamin, furotin da ke tsinke 'yan jakunkunan da ƙwaya take shigo da kaya cikinsu, ta ga yana taruwa ne bibbiyu: biyu, huɗu, shida. A Jamus kuwa, ƙungiyar Petra Schwille ta kalli yadda MinD da MinE, masu nuna wa bakteriya tsakiyarta kafin ta rabu, suke hawa tantani suna sauka.

Duk da haka, tantanin gilashi ba shi da cunkoson tantanin ƙwaya mai rai, kuma ƙananan furotin suna da wuyar gani. Ɗalibin da ke ganin darasin haske a fizik ba ruwansa da bayoloji, ya sake shawara: da wannan darasi ne aka auna dynamin.